Muciya a Kan Eriya

Gusau, Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Bungudu baki ɗaya. Ni jiki da sauƙi. Wankin ƙoda dai sau biyu a mako, likita kuma ya kafe ba inda za ni.

Ki shiga tsohon ɗakina ki ɗauko bututun jan ƙarfen da ke bayan ƙofa, ki ba direban da ya kawo miki takardar nan. Eriya zan haɗa. Kin san Babanku Dogo na Tsafe, aminina, wanda muka shekara talatin muna hira ta rediyo da ƙwanƙwasar tangaraho kowace Juma'a bayan la'asar. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi, hannun rubutu ya tafi. Matarsa Adama ta ce in an kara masa waya sai ya juya fuska bango, amma ran Juma'a yakan ɗora hannun hagu a kan abin buga tangarahonsa. Ni yake jira, Halimatu, kuma abin ya hana ni sukuni.

A gida ina da fili da dogon ƙarfe. Nan benen yayanki Mannir kuwa, barandar da ƙyar take ɗaukar tabarma. Sai dai ƙaramar eriya mai zagaye kamar tayar keke.

Ki gaida jikokina.

Mahaifinki,
Tajuddeen.

Gusau, Asabar.

Halimatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan duk kuna ƙalau. Bututu ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Na lanƙwasa shi na kafa, amma saiti ya gagara. Akwai wani ɗan abin murɗawa a jikin eriyar, ana juya shi a hankali har allurar mitar awon saiti ta kwanta. Sai in murɗa ta kwanta, da na koma kujera ta miƙe. Kwana uku ina zagin ƙarafan taga da tankin ruwan maƙwabta, a zatona su ke ɓata saitin. Maijidda, matar Mannir, tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta ce min allurar hannuna take bi. Na watsar da maganarta, don me ta sani a rediyo? Girman kai rawanin tsiya. Da na gwada, ashe jikina ne yake ɓata saitin in na matso.

Ita ce kuma ta miƙo min muciyarta. Na huda gindinta na cusa abin murɗawar, yanzu daga nesa nake juyawa kamar mai tuƙa tuwo. Mannir ya yi dariya har da tari, gidan kuma kwana biyu ba a ci tuwo ba.

Jiya bayan la'asar Adama ta kunna wa Dogo rediyonsa. Na buga kiransa sau uku, ba komai sai shuuu. Har na fara sarewa, sai ga ƙwanƙwasa a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Ko cikin dubu na san bugunsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ko gaishe ni bai yi ba, ja'irin. Minti goma ya ɗauka kafin ya gama layi biyu. Cewa ya yi in gaya wa Adama hankalinsa yana nan daram, yana jin duk abin da ake faɗa, a daina maganarsa a gabansa kamar ba ya ɗakin.

Na kira ta a waya na faɗa mata, ita da ke tsaye taku uku daga gadonsa. Ta manta ba ta kashe wayar ba, sai na ji ta ja kujera, tana yi masa sannu da zuwa kamar wanda ya dawo daga tafiya.

Ki sa Dogo a addu'a. Wassalam.

Mahaifinki,
Tajuddeen.