Bindigar Bahago

Zuwa ga taubashina Lawali Bahago,

Assalamu alaika. Ina gaishe ka a makwancinka, da fatan Allah ya sa ƙasa ta yi maka sanyi. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko da kana da rai ma cewa za ka yi ajamina kamar kaza ta yi tono. Sai ka yi haƙuri, yau ba ka da bakin ramawa.

Labarin gida shi ne bindigarka ta iso. Wadda ka sa maƙerin Gummi ya ƙera maka, wadda ka tafi ɗaukowa ɓarayin daji suka tare ku a hanya. Bayan an yi arba'in ɗinka maƙerin ya kawo ta da kansa har Nasarawa Burkullu, naɗe cikin buhun shinkafa. Ya aje ta gaban tsohonka, ya yi addu'a, ya juya. Tana da kyau, Lawali. Har haushin kyanta nake ji. Saboda ita ka bar mu, ita kuwa ko ƙwarzane babu a jikinta.

Ba ta kwana biyu a gida ba masu tsaron gari suka zo nemanta. Ban ga laifinsu ba, kowa a tsorace yake. Amma ni na ji da kunnena kana cewa bindigarka ta nama ce, zomo da zabo da gyadon da ke ɓarna a fadama, ba za ta kalli ɗan Adam ba. Na faɗa wa tsohonka haka. Ya ce bindiga ba ta zama gidan da babu maharbi. In na iya harbi kafin a yanke dawa, tawa ce. In ban iya ba, ya ba su. Kowa a zauren sai da ya yi dariya. Nasiru da bindiga? Wanda ya ɗaure wa liman takalma a masallaci?

Laifin wa ke nan? Sau nawa na roƙe ka ka tafi da ni daji? Kullum sai ka ce bakina zai kori nama har Kebbi. Da ka koya mini tun kana nan, da na je ina rusuna wa Baba Mamman, tsohon maharbin da ya koya maka, ina roƙonsa kamar mai neman aure?

Ya karɓe ni dai. Muka je kududdufin da ke bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini. Ya rataya tsohon faifan Gwaggo, innarka, jikin gangaren, don duk abin da ya kuskure ya shige ƙasa. Ya koya mini tsayuwa. Ya ce in danna ƙotar a kafaɗa sosai, in yi bisimilla, in saki rabin numfashi, in matsa kunama a hankali kamar mai tatsar akuya, kar in fizge ta. Na ɗora ta a kafaɗar dama kamar kowane mutumin kirki, na harba. Ta shure ni a muƙamuƙi har na ciji harshe. Faifai ko motsi bai yi ba. Ƙura ta tashi can gefe guda.

Na sake, haka. Washegari ma haka. Harsasan da ka tara a tukunya ƙarƙashin gadonka ina ta zubar da su cikin laka. Sai na ce saitin ne bai daidaita ba. Na je ni kaɗai, na sami dutse ina ƙwanƙwasa ɗan ƙarfen nan na hancin bindiga, wanda ake auna abu da shi. Na tura shi nan, harbi ya ƙara nisa da faifai. Na maido shi can, ya wuce ta sama. Saura kaɗan in ɓalle shi. Ran nan na zage ka, Lawali. Na zagi maƙerin, na zagi hanyar Gummi, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo ka cikin tabarma.

Da Baba Mamman ya ga aikin da na yi wa saitin, bai yi mini faɗa ba. Ya maida ƙarfen kan zanen da maƙeri ya yi masa tun farko. Sannan ya shafa ƙotar da babban yatsa, ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Akwai ɗan kwarmi da aka sassaƙa don kunci, amma a ɓangaren da ni ban taɓa sa fuska ba. Ƙotar ma an ɗan karkata ta. Ya ce bindiga lafiyarta lau, an dai auna ta ne da jikin bahago. Ko dai a sassaƙa mata sabuwar ƙota, ko in koma hagu.

Ka ji fa. Ni da na tashi ina tsokanarka da wanga hannu. Ni da nake shela gaban baƙi cewa a ɓoye kwano ga mai cin tuwo da hannun tsarki. Ni da na ɓoye laujenka na hagu cikin rumbu ranar yankan shinkafa, ka wuni kana fama da na mutane ina bisa kunya ina dariya. Ka shirya wannan ne? Don in ka shirya, wallahi ka iya ramuwa.

Ban yarda a taɓa ƙotar ba. Ita kaɗai ta rage da awon kuncinka a duniya.

Komawa hagu azaba ce. Hannun kamar na aro. Idona na dama ya ƙi rufuwa shi kaɗai, don na hagu na saba ƙyaftawa in na shirya wa wani tsiya. Sai da na ɗaure shi da tsumma. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna wucewa suna tambayar ko makaho ya fara farauta. Ni, Nasiru, yau ni ake tsokana. Na yi ta ɗagawa ina aunawa babu harsashi a ciki, har kuncina ya koyi faɗawa cikin kwarmin da kansa.

Ranar da tsohonka ya zo gani, masu tsaron gari sun biyo shi. Na ɗora a hagu, na saki rabin numfashi, na matsa. Faifai ya tsage tsakiya. Ba wanda ya yi dariya. Tsohonka ya ce in kai ta gida.

To na ci, sai me? Ina zan kai ta? Dajin da ka hana ni shiga yanzu ya fi ƙarfin kowa. Baba Mamman kansa bai wuce gonakin bakin gari. Na iya harbi, abin da na kashe duka faifan Gwaggo ne. Waɗanda suka kashe ka suna can suna cin naman da ka bari.

Ban taɓa gaya maka ba, duk tsokanar nan so nake ka waiwayo ka kula ni. Tun muna yara tafiyarka nake kwaikwayo in ka ba da baya.

Da na dawo daga kududdufi na shiga gidanku, bindiga rataye a kafaɗar hagu. Gwaggo, innarka, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta hango bayana ina jingine ƙyaure, sai ta kira sunanka. Da ƙarfi ta kira, yadda take kiranka in tuwo ya sauka. Na tsaya ban juyo ba, don na san abin da za ta gani in na juyo. Na rantse maka, duk tsiyar da na shuka a garin nan ban taɓa yi wa kowa mugun wasa irin wannan ba, kuma ba da niyya na yi ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa kana inda ba a tare hanya. Bindigarka tana wurina, ba ta kalli kowa ba.

Taubashinka da yara suka fara kira Bahago,
Nasiru