Raƙumi Yana Kurfi, Agwagwa Tana Gida

Goggo Zinariya,

Ki taimake ni da shawara, don na zo inda karatuna ya ƙare. Ranar Lahadi muna fitowa daga coci a nan Dutsin-Ma, maƙwabciyata Felicia ta riƙe mini hannu tana yabon zanena, a tsakiyar yabon ta cusa tambaya: wai me babur ɗina yake ci a zauren Jibo bakanike na Kurfi, da kullum can yake wuni? Ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ake faɗa ba. Haka Felicia take. Ba ta yarda da magana, amma ba ta barin ta ta kwana wuri ɗaya.

Ni likitar dabbobi ce, a Zariya na yi jami'a. Na ɓoye sunana tunda haka ake yi a filin nan, ko da yake macen da ke hawa babur tana yi wa shanu allura tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ba ta buƙatar dogon bincike. Maigidana kuma bari in kira shi Obadiya. Malamin tarihi ne, shi ke koyar da mawaƙan coci, keke yake hawa. Mutumin kirki ne, ki riƙe wannan, don da mugu ne da ban rubuto ba.

Babur biyu gare ni, dukansu ƙanana, dukansu ƙirar Japan. Na farkon ni na saya da na fara aiki. Dogo ne, injinsa ɗari da ashirin da biyar, tayoyinsa masu haƙora, salansarsa a sama kusa da sirdi, shi ya sa yake ƙetare rafi ruwa bai shaƙe shi ba. Sai an haɗa masa fetur da baƙin mai yake tafiya, yana hayaƙi, yana ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Dole in sa wando a ƙarƙashin zane kafin in hau. Mutanen Kurfi suka sa masa suna Raƙumi.

Daminar bara na faɗi da shi a gangaren wani rafi bayan Rawayau. Laifina ne, na ja birkin gaba a cikin yashi. Na karye a idon sawu. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, bai zauna ba. Likita ya ce mai yiwuwa faɗuwar ce, mai yiwuwa ba ita ba ce. Likitoci muna da wannan baiwar. Obadiya ya yi jinyata bai taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Da na fara takawa sai ya shigo gida yana tura sabon babur, irin na mata, yana gumi, don ko tayar da shi bai iya ba. Ya roƙe ni abu ɗaya: kada in ƙara hawa Raƙumi. Na yi masa alkawari. Na kai Raƙumi wurin Jibo da sunan a nema masa mai saye.

Ba zan zalunci sabon ba. Gajere ne, injinsa saba'in, ba kuloci, ba hayaƙi, fetur kaɗan yake lasa. Da zane nake hawansa ba tare da na ɗaga ƙafa ba, ga kwando a gaba na cefane. A kan titi ya fi Raƙumi hankali nesa ba kusa ba. Amma ba don jeji aka yi shi ba, kuma bai taɓa cewa don jeji aka yi shi ba. Idan muka shiga yashi sai ya riƙa rangaji, shi ya sa na sa masa Agwagwa.

Yashin ma da sauƙi, ana iya sauka a tura. Abin da ban hango ba shi ne shirunsa. Ranar da na fara zuwa rugar Ardo Hamma da Agwagwa, ban tarar da ko ɗan maraƙi ba. An hango baƙon babur yana lallaɓowa ba sauti, nan take aka kora garke jeji. An soke jangali, amma ba a soke tsoronsa ba, kuma a wurinsu duk wanda ya iso garke ba a ji zuwansa ba, ƙidaya ta kawo shi. Ardo ya ba ni tabarma da nono, ya ce, “Likita, da can tun kina bayan dutse kike yi muna sallama. Yau kin faɗo muna kamar mai bin sawu.” Ashe duk shekarun nan ƙarar Raƙumi ce sallamata. Da sun ji ta sai a dakatar da shanu, a ɗaure maruƙa, in iso in tarar an shirya. Wannan ba ya cikin abin da aka koya mana a Zariya.

Na ce za su saba. Wataƙila da sun saba, sai ga bushiya ta shigo bana, cutar da ke kwantar da garke ɗungurungum. Maganin rigakafinta a cikin fulas na ƙanƙara nake ɗaukarsa, idan ƙanƙarar ta narke ya zama ruwan banza. Sau biyu ina isa ruga da Agwagwa rana ta take, shanu sun tafi, ƙanƙara ta narke. A wata ruga da ban samu yi wa allura ba na koma na tarar da ungulaye a kan itatuwa, mai shanun yana zaune a ƙasa kusa da mushensu.

Washegari na tsaya wurin Jibo. Tun daga ranar haka nake yi: in fito gida da safe a kan Agwagwa, Obadiya yana ɗaga mini hannu, in bi titi zuwa Kurfi, Jibo ya shigar da ita zaurensa ya rufa mata tabarma, in sa wando, in buga Raƙumi, in shiga jeji. Da la'asar a juya. Jibo dattijo ne mai iyali, yanzu shi ma ya fara jin ƙus-ƙus a kasuwa. Jiya ya ce mini, “Likita, ni dai gyaran inji na koya, ban koyi ajiyar asiri ba. Ki hidda ni cikin wannan.”

Zan iya tsayawa a nan ki ɗauke ni jarumar shanu. Amma ba don shanu kaɗai ba ne. Ina son babur ɗin, Goggo. Idan na bar titi na miƙe tsaye a kan matakansa, duwatsun Kurfi suna ja da baya, babu mai kirana matar malam ko baiwar Allah da ta yi ɓari. Tun bayan abin da ya faru, a nan kaɗai nake jin jikina nawa ne.

Obadiya bai san komai ba. Kowace Asabar shi ke wanke Agwagwa. Kwanan baya ya ce lallai hanyar ruga ta gyaru, tunda ba ya ganin yashi a tayoyin. Har ya fara saka mini gwangwanin baƙin man haɗi a kwando, alhali Agwagwa ba a yi mata haɗi. Bai san bambancin ba. Nakan kai wa Raƙumi, ina jin kunya.

In na faɗa masa, na karya masa zuciya da alkawari tare. In na yi shiru, Felicia za ta riga ni, kuma labarinta ya fi nawa muni. In na bar Raƙumi, shanu suna mutuwa. Yaya zan yi?

Mai Babur Biyu, Dutsin-Ma


'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Allah ya ba ku haƙurin abin da kuka rasa, ya maye muku da alheri. Na ce ku, don a wasiƙarki kamar ke kaɗai kika yi rashin.

Kina da ido. Kin karanci Felicia, kin karanci Ardo, har babur kin yi wa adalci. Mutum ɗaya ne kika kasa karantawa, kuma da shi kike cin tuwo. Ni ban san inji ba, amma na tambayi mai gyara mana janareta: ba a sayar wa mutum man haɗi sai ya ce na haɗi yake so. Mutumin da yake wanke taya kowace Asabar, ya gaya miki ba ya ganin yashi, sannan ya fara aika wa babur ɗin da kika rantse kin rabu da shi abincinsa, wannan ba jahili ba ne. Ya sani. Ya fi son ki hau shi da mai mai kyau da ki tsaya a jeji, kuma yana jira ki faɗa da bakinki. Kin ce kada in manta mutumin kirki ne. Ke ce kika manta.

A batun aiki gaskiya tana wurinki. Babur ɗin jeji daban, na cefane daban, kuma ba za a bar dukiyar mutane ta ƙare don a kiyaye alkawarin da aka yi a gadon jinya ba. Son da kike yi wa hawa ma ba zunubi ba ne, ki daina ɓoye shi a bayan shanu.

Shi ma maigidanki yana da tasa gaskiyar. Ke kin faɗi sau ɗaya, shi kullum kika makara sai ya sake ganin faɗuwar. Ba sarauta ya nema a kanki ba, tsoro ne ya sa shi tura babur tun daga kanti. Alkawarin da ya yi miki nauyi a gaban mai shi ake sauke shi, ba a zauren wani ba. Kuma kin ɗora wa Malam Jibo da iyalinsa kayan da ba nasu ba. Ki ba shi haƙuri.

Ki yi maganar a makon nan, kada ki fara da bushiya, don kada ta zama lacca. Ki fara da gwangwanin. Ki ajiye shi a gabansa ki ce kin gode, Raƙumi ma ya gode. Sauran zai zo. Ki gaya masa har abin da kika gaya mini game da duwatsun Kurfi. Sannan ki ba tsoronsa abin riƙewa: hular kwano kullum, ki faɗi rugar da za ki da lokacin dawowa, ba ƙetare rafi in ya kawo ruwa. In Allah ya sake ba ki rabo, ki sauka daga duka biyun har ki sauka lafiya, ofis ya nemo wanda zai riƙe fulas. Wata ranar Asabar ki goya shi zuwa rugar Ardo Hamma, ya ji da kunnensa yadda ake amsa wannan sallamar.

Agwagwa kuma kada ki wulaƙanta ta. Kyauta ce. Ta kai ki coci da kasuwa, a ga ana hawanta da daɗin rai.

Felicia ba ta buƙatar amsa. Ranar da Raƙumi ya kwana a tsakar gidanku, labarinta ya mutu. Da safe ki tura shi waje, ki bar maigidan ya riƙe miki fulas har ki buga shi ya tashi, unguwa duka ta ji. Sai ya ja ƙofa, ke kuma ki kama hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba shanun da cuta, ya zaunar da gidanku lafiya.

Goggo Zinariya