Masu Talla Sun Riga Ni Sani

Kafanchan, Satumba 1999

Andrawus, hasken idona, ruwan Matsirga a tsakiyar zafi, dutsen Kagoro da na jingina rayuwata a kansa, gwanin rufa asiri!

Ina taya ka murna. Ashe Amurka za ka? Da ma daga bakinka mai zaƙin zumar daji na ji, ba daga kwamfutar ƙungiyar manoman citta ba.

Ka tuna yammacin da ka roƙe ni in bar ka a ofishinmu ka ga yadda intanet take? Na tafi kasuwa na bar ka, da na dawo ka kashe na'urar, ka lulluɓe ta da zanenta kamar jaririya. Ya masoyina, ka ɗauka zane ke sa ta mantuwa? Shafukan da ka shiga sun ajiye 'yan alamu a cikinta, kukis ake ce musu, da su masu talla ke bin sawun mutum. Tun ranar, duk inda na shiga neman farashin citta sai tallar cacar bizar Amurka, tikitin jirgi da rigunan sanyi. Baba Kambai, shugabanmu, yana tsaye a bayana ya gani, ya yi mini barka da tafiya. Na yi murmushi irin na wadda ta sani. Ka san nauyin wannan murmushin?

Wasu 'yan kasuwa da ba su iya kiran sunanka ba sun san inda zuciyarka ta nufa, ni kuwa da aka yi shelar aurenmu a coci ban sani ba! A bakin magangarar ruwan Matsirga ka riƙe hannuna, feshin ruwa yana jiƙa mu, ka ce cikinka a buɗe yake gare ni kamar filin acca bayan girbi. Wane lungu na filin ka ɓoye jirgin sama?

Ban hana ka tafiya ba. Tambayata ɗaya: kujera ɗaya ce ko biyu? Ka zo ranar Lahadi kafin sujada ka amsa da bakinka. In ba ka zo ba, ni zan tsayar da Fasto kafin ya sake karanta sunayenmu.

Na shiga saitin na'urar na goge alamun, na hana a sake ajiye wasu. Kada ka gode mini, kishi ne. Ban yarda wani ya bi sawunka ba, aikina ne.

Taka, cikin fushi da aminci, har ranar da Matsirga zai ƙafe,

Beatrice