Ranar da Baba ya ɓace mana a titin Ahmadu Bello

Abakpa, Kaduna.

Zuwa ga Yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Harira da yara. Allah Ya ƙara muku juriyar zaman baƙunta, Ya sa a gama karatu lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Nafisat ta shiga aji uku, babanta kuma an mai da shi ofishinsu na Doka, ya huta da doguwar hanya.

Yaya, na zaɓi in rubuta ne domin in na kira ka a waya kuka zai hana ni magana. Ka san Baba ya zo daga Malumfashi a duba masa ido. Da aka gama, sai ya ce ba zai koma ba sai an kai shi ya ga titin Ahmadu Bello, inda ya yi aikin gwamnati tun yana saurayi, wai rabonsa da wurin tun da ya yi ritaya. Ranar Asabar muka fita da shi buɗe ido, ni da Nafisat da babanta, ya sha farar babbar riga. Da ka ga murnarsa! Yana ta nuna wa Nafisat inda kantunan Turawa suke a da, da inda yake jingine kekensa. Amma da muka kai wurin shataletalen Leventis ya tarar an haƙa hanya ta ƙarƙashi, sai ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

Kusa da babbar kasuwa na tsaya in saya masa ruwa. Wallahi juyawar da zan yi, babu Baba. Ga cunkoso, ga motoci, idonsa bai gama washewa daga magani ba, wayarsa kuma tana cikin jakata. Baban Nafisat ya yi gabas, ni na yi yamma riƙe da hannun yarinya, ina tambayar duk wanda na gani. Wata mata ta ce mini yanzu har tsofaffi ake ɗaukewa. Can na hango taro a bakin titi, keke napep ya buge wani, ga farar riga a ƙasa. Na kutsa cikin taron na leƙa. Ba shi ba ne. Na yi hamdala, sannan kunya ta kama ni, don shi ma uban wasu ne.

Sai bayan la'asar, da aka yi cigiya a masallaci, wani mai sayar da dabino, Malam Ila, mutumin Zamfara, ya zo ya ce tsohon yana wurinsa, ya zaunar da shi a kan benci. Na ruga na durƙusa a gaban Baba. Yaya, Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Hajiya, ya roƙe ni in nuna masa inda ake shiga motar Kurmin Mashi. Wai matarsa Kaltume ta haifi namiji, gobe suna, shi kuwa bai sayi rago ba. Inna da ta daɗe da rasuwa yake nufi, jaririn kuma kai ne.

A mota hankalinsa ya dawo, har yana tambayata abin da ya sa ni kuka. Bai tuna komai ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, kuma zai riƙa ƙaruwa. Mun hana shi komawa Malumfashi, kullum ƙofar gida a kulle, ko motsi ya yi sai gabana ya faɗi. Gani ya kori ji, Yaya. Don Allah kada ka jira ƙarshen shekara. Ka zo ya gan ka da gemunka, tun yana iya gane cewa jaririn nan ya girma.

Ka gaida Anti Harira, da Abdulmalik da Hasiya. Baban Nafisat da Gwaggo suna gaishe ku. Ku sa Baba a addu'a.

Ƙanwarka,
Umaima