Lis Na Ce, Ba Rabig Ba

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Malam, yaya ƙafar taki? Mu nan unguwar Misfala, kusa da Harami, sai godiya.

Rabona da bakin teku tun shekarar da ambaliya ta shiga Harami. Yanzu daktur ya ce ƙirjina na son iskar ruwa, in je in huta. Sa'idu, babban ɗana, ya kama mana ɗaki a garin Rabig na bakin teku, wai akwai asibiti kusa. Na ce garin Lis za ni.

Ya ce, "Ya Baba, Lis ba kowa sai masunta."

Na ce ai masuntan ne suka sauke mu daga jirgin ruwa ranar da muka iso ƙasar nan, su suka taya mu binne Inna.

Kin san kabarin ƙasar nan ba alama. Daga wata tsohuwar rijiya ake gane nata, kuma ni kaɗai na rage da na sani. In na cika a Rabig, wurin ya ɓata.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara.

Gobe bayan asuba zan fito da jakata. In Sa'idu ya tada mota zuwa Lis, zan nuna masa wurin. In ya ƙi, akwai bas.

Yayanki,
Alhaji Mamman