Askin Zaune

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyuna. Tunda wayarki ta faɗa bokitin wanki kin mayar da ni mai riƙe biro, ga rubutun kamar tafiyar kaza. Direba zai kawo miki.

Kada ki tsorata, amma Baba ya faɗi a shagon askinsa. Yana cikin yi wa wani gyaran fuska, reza a hannu, kawai ya sulale. Allah ya tsare, kunnen mutumin kaɗai ta ɗan shafa. Kafin in zagayo ya farfaɗo, yana kwance yana masifa wai santsi ne. Wane santsi a busasshen siminti?

Na kwantar da shi a ɗaki na gwada shi da injin awon jinin da kika aiko. Jini ya hau sosai. Na ɗauki hoto na tura girup ɗin gida, kin dai san mu. Kafin in ajiye waya Gwaggo ta aiko da ƙwayoyin hawan jininta, Umma ta ɓoye gishiri. Ni kuma na ƙarar da data wajen kallon bidiyon likitoci, kowa da tasa. Wallahi na kasa zama wuri ɗaya.

Ki shafa min kan yara.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin ƙaramin, haƙoran sun fito?

Abin nan ƙaruwa ya yi. Da Baba ya miƙe sai ya ce duhu yake gani, wuyansa ya riƙe. Ya sake faɗuwa bayan cin abinci. Ni kuwa kullum in gwada shi a kwance in tura hoto, Gwaggo ta ce a ƙara ƙwaya. Masu zuwa aski suka fara wucewa ta gaban shago suna kallon wayoyinsu kamar ba su gan shi ba.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Nas ta gwada shi a kwance, ta ce ya tashi tsaye, ta sake gwadawa. Yaya, a idona lambar ta zube ƙasa, shi ma ya bi ta, sai da muka tare shi. Likita ta ce akwai jijiyoyin da ke aikinsu ba da saninmu ba, su ke matse hanyoyin jini in mutum ya miƙe don jini ya kai kai. Na Baba sun yi sanyi. A kwance jininsa hawa yake, a tsaye ya sauka. Ashe mu rabin labarin muke ta aunawa, ƙwayoyin Gwaggo kuma ƙara kayar da shi suke. Na faɗa a girup cikin ladabi, Gwaggo ta fice daga girup ɗin.

An ce ya yawaita shan ruwa, a maido gishiri daidai misali, ya sa doguwar safa mai matsewa, a ɗaga kan gadonsa da bulo. Duk ya yarda. Da ta ce babu doguwar tsayuwa da reza a hannu, sai ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi gida. Kin san shagon nan ne ransa, kuma da shi muke ci.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. Mun ga saƙo, Umma na godiya.

Na sa kafinta ya yi masa kujera mai tsawo mai taya, aka rage tsawon ta masu zuwa aski. Rigima muka sha. Wai tun kafin a haife mu yake kallon kan mutane daga sama, mai aski a zaune ai gurgun aiki ne. Na yi kuka, na yi fushi, har abinci na ƙi ci. Mai shagon walda, abokinsa, shi ya gama maganar. Ya shigo ya zauna ya cire hula ya ce, "In za ka faɗi, ka faɗi a kujera, kunnuwana biyu ne kacal." Baba ya zage shi, ya hau kujerar, ya yi masa aski tas.

Mutane sun fara dawowa, ba duka ba. Likita ta ce ciwon ba warkewa yake ba, lallaɓa shi ake.

Yanzu ko waya nake dannawa, kunnena na jikin bangon shagon. Muddin ina jin ƙarar kilifar askinsa na san lafiya. Ɗazu ta ɗauke ɗif, na zubar da tsintsiya na ruga ba takalmi. Ashe wuta aka ɗauke. Yana zaune da almakashi, ya kalle ni ya ce, "Auta, ke ma a auna ki."

Sun maido wuta, ga kilifar can tana ƙara. Bari in tsaya nan, rubutu na hana ni ji.

Taki har kullum,
Auta