Na Janye "Ba Gajiya" Da Na Faɗa A Faskari

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Gona na Shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen ofis, har da sabuwar motar da muka ji an kawo maka, Allah ya tsare hanya. Na so in haɗa da "ina gajiya" kamar yadda aka saba, amma bari in ajiye ta gefe tukuna, domin ita ce dalilin wannan takarda.

Ni ne Malam Iro Pauwa, malamin gona, wanda ka sani, ko kuwa in ce wanda ka san fayil ɗinsa. Na kama wanga aiki tun muna auna gona da taku, tun kafin kuɗin mai su zo su sa kowa gudu ba a ga mai kora ba. Sau uku ina rubuto maka a rufe cikin ambulan, kamar yadda ladabi ya tanada. Sau uku amsa tana dawo mini da magana ɗaya: wai ni da bakina na shaida cewa aiki bai yi mini yawa ba. To, tunda a gaban jama'a na yi waccan shaida, bari in warware ta a gaban jama'a, a shafin jarida.

Na ɗaya, yadda aka yi na yi shaidar. Bara waccan, bayan an gama ciran auduga, kun zo rangadi Faskari, kai da Baturen nan mai ba da shawara, dogon nan mai ɗan littafi a aljihun gaba, da tafintansa. An kira malaman gona duka. Ni lokacin ƙasar Kankara kaɗai nake riƙe da ita, kuma a kan keke na zo, na iso gumi har cikin takalmi. Aka jera mu a inuwar ɗorawa, bakin sito. Baturen, Allah sarki, ya koyo gaisuwa, yana son ya gwada. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Ina gajiya?" Na ce, "Ba gajiya." Ya ce, "Ina aiki?" Na ce, "Da godiya." Sai ya juya wajen tafinta ya tambayi abin da na ce. Tafinta ya juya masa maganar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zare ƙwarya daga cikin ƙwarya: wai wannan dattijo ya ce shi ba ya gajiya, kuma godiya yake yi in an ba shi aiki. Na ga idon Bature ya yi haske. Ya zaro littafi ya rubuta. Kai kuwa, ranka ya daɗe, kana tsaye a gefensa, hannu a baya, kana murmushi.

Ban ga laifin Bature ba, baƙo ne, abin da kunnensa ya ji shi ya ɗauka. Ban ga laifin tafinta ba, magana aka ɗauke shi ya juya, ba a ɗauke shi ya juya al'ada ba. Amma kai a ƙasar nan aka binne cibiyarka. Ka san mutumin da kura ta koro tun daga bakin daji, in ka tare shi ka ce ina gajiya, sai ya ce ba gajiya kafin ya faɗi. Ka san majinyacinmu "da sauƙi" yake cewa har ranar da za a ɗauki makararsa. Kalma biyu daga bakinka sun isa su gyara littafin nan. Sai ka ga gara a bar shi yadda yake, kuma daga baya na gane hikimar hakan.

Na biyu, tukuicin da aka ba ni. Ba a yi wata biyu ba sai ga takardar yabo, da hatimi, an kira ni ma'aikacin da ba ya gajiya, abin koyi. Sai ga sabon babur a bayan akori-kura, har da leda a kan sirdi. Mutanen Pauwa suka yi ta zuwa barka. A daidai lokacin ne abokin aikina na Faskari ya ajiye aiki ya tafi Kaduna kwangilar bulo, na Sabuwa kuma ya koma sayar da siminti, don ya ce tsutsar auduga ba ta kai mutum Makka. A cikin ambulan ɗin yabon nan akwai wata 'yar takarda ta biyu da ban lura da ita ba sai washegari. Ita ce ta ce in haɗa Faskari da Sabuwa in riƙe tare da Kankara, "na ɗan lokaci". Ɗan lokacin nan yanzu ya ci damina biyu, yana wanke hannu zai ci ta uku.

Kakarmu tana yi mana tatsuniyar wani jaki da ubangidansa ya ɗinka masa sabon akumari mai ado, ja da kore. Jaki ya yi ta zagaya gari yana kaɗa kunne, 'yan'uwansa na kallo. Sai da aka je bakin rafi ya gane an faɗaɗa akumarin ne don ya ɗauki mangala biyu. Muna yara dariya muke yi wa jakin nan. Yanzu in na tuna shi, sai in ce Allah ya ji ƙan magabata.

Na uku, abin da aikin ya mayar da ni. Ranka ya daɗe, tsutsa ba ta karanta takardar ofis. Ba ta san cewa malamin gona ɗaya ne ba, balle ta jira ya gama da Kankara kafin ta sauka Sabuwa. Ruwa in ya sauka, ko'ina lokaci ɗaya ake neman iri, ake neman taki, ake neman wanda zai nuna yadda ake haɗa maganin feshi. Ina Mairuwa zuciyata na Sabuwa, ina Sabuwa ana cigiyata a Kankara, ofis kuma yana jiran rahoton duka ukun rana ɗaya.

Da farko abinci ne ya fita raina. Sai barci ya yi ƙaura. Sai ƙirjina ya koyi wani kiɗa da ba a gayyace shi ba. In na ji ƙarar inji, sai in zabura in nemi hula, ina tsammanin motar ofis ce ta kawo sabuwar takarda. Rannan haka na miƙe tsaye na gyara riga a ƙofar gidana, ashe injin niƙan maƙwabcinmu ne aka tayar. Uwar yara na kallona ta zaure.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na Mairuwa. La'asar ta same ni can, limaminsu ya yi tafiya, suka ce Malam Iro dattijo ne, ya ja mu. Na tayar da salla lafiya lau. Ina cikin raka'a ta uku sai na tuna ban aika wa mutanen Yankara da injin feshi ba. Daga nan ban san inda na bi ba. Sai ji na yi sahu gaba ɗaya ya ɗauka da "Subhanallah", ashe na miƙe zan kawo ta biyar. Da aka idar, wani tsoho ya dafa ni ya ce, "Malam, mu huɗu muka sani, amma tunda kai ba ka gajiya, Allah ya ƙara lada." Ka ga har yabon naku ya riga ni isa masallaci.

Na huɗu, magungunan da na gwada, don kada a ce na zauna na naɗe hannu. Malamin asibitin Kankara ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa, ya ce jinina ya hau. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri, in rage tunani, in huta. Gishiri na rage, wannan a hannun uwar yara yake. Sauran biyun na ce masa a ofishinka suke, sai dai ya rubuto maka. Uwar yara ta ɗora ni a kan zoɓo ba sukari da tafarnuwa, har manoma suka fara karɓar shawarata daga nesa. Limaminmu ya ba ni Hasbunallahu in riƙa ja, kuma wallahi ina jin sanyinta, sai dai ramukan hanyar Sabuwa sukan tsinka mini lissafin carbi.

Abin da ya fi yi mini amfani, wani Bafulatani ne ya ba ni shi kyauta. Akwai wata tsamiya tsakanin Yankara da Faskari. Wata rana kiɗan ƙirjin nan ya taso mini a kan babur har na ji tsoron faɗuwa, na tsaya a gindinta. Na tarar da dattijon yana zaune, shanunsa kwance. Ya dube ni ya dubi babur ɗin da na bari yana kuka, ya ce in kashe shi tukuna. Na kashe. Ya ce, "Malam, ko saniya sai ta kwanta take tuƙa. Wadda ta yini tana kiwo ba ta kwanta ba, ciyawar ba ta zama nono." Tun daga ranar, duk sanda na bi hanyar, sai in kashe babur in zauna gindin tsamiyar nan, in fasa goro, in yi shiru har kiɗan ƙirjina ya sauka. Ba ya wuce a sha fura a tashi. Shi ne ya riƙe ni har yau.

Na biyar, takardar tuhuma. Ashe wani mai kishin aikin gwamnati ya wuce a mota ya gan ni. Watan jiya sai ga takarda da sa hannunka, wai in yi bayani cikin kwana uku dalilin da ya sa aka ga ma'aikaci zaune gindin bishiya a lokacin aiki, alhali fayil ɗinsa ya tabbatar ba ya gajiya. Na jinjina wa ofis. Ba a taɓa kama ni da ƙarya da hujja mai ƙarfi irin wannan ba.

Na shida, wanda ya fi kowanne nauyi, kuma a nan ba wasa nake ba. A daminar bara tsutsa ta sauka a gonar audugar Malam Haruna na Sabuwa, mutum mai iyali goma sha. Ya aiko mini sau biyu. Ina can Kankara ana rabon taki, ban samu isa ba sai bayan kwana tara. Na tarar ta gama da ƙwallon audugar, sai kara tsaye. Mutumin nan ya fito ya tare ni, ya riƙe mini babur na sauka, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam, ina gajiya?" Shi ya yi asarar shekara, ni ake tambaya gajiya. Wata daminar kuma ga ta nan tafe, kuma akwai irin Malam Haruna a kowane ƙauye daga nan har Sabuwa. Tawa gonar ta Pauwa ba na ma maganarta. Ciyawa ta yi mata rumfa, har in manomi zai yi wa ɗansa faɗa sai ya ce, so kake gonarka ta koma ta malamin gona?

Kada ka ce ban gwada gyara bakina ba. Ranar kasuwar Yankara, Alhaji Mamman mai goro ya ce mini ina gajiya, na daure na ce, "Akwai ta, Alhaji." Sai ya saki goron da ke hannunsa cikin ruwa, ya ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?" Kafin azahar labari ya kai Pauwa cewa ba ni da lafiya, har ƙanwata ta zo da kunu. Ka ga ke nan maganar ba ta faɗuwa da baki a ƙasar nan. Shi ya sa na rubuta.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A buɗe fayil ɗina a soke "ba gajiya", a rubuta a gefe cewa gaisuwa ce. In Baturen yana nan, a gaya masa cikin lalama, kada ya ji kunya, Hausarsa ta yi kyau. A nemo wa Faskari malaminta, a nemo wa Sabuwa nata, kafin ruwan shuka ya sauka, ni a mayar da ni Kankara inda na san kowace gona da sunan mai ita. In babur ne sharaɗin ƙasa uku, ga shi nan na wanke shi, kekena yana rataye a zaure, iska kawai yake so. Takardar yabo ma zan haɗo da ita, ba ta yi datti ba. Ita kuma tsamiya, ina roƙo a bar mini ita. Amsar tuhumarku ke nan, ta ɗan wuce kwana uku, a gafarce ni.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma, ya raba ka da kiɗan ƙirji da zoɓo ba sukari. Allah ya sa duk sallar da ka ja ta tsaya a inda aka ajiye ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar wa Malam Haruna abin da ya rasa.

Saura gaisuwar da na ajiye tun farko. Na ji an ce kai ma shiyya biyu aka haɗa maka tun da aka kawo sabuwar motar. To, ranka ya daɗe, ina gajiya? Amsa yadda ka ga dama, ni ba ni da littafi a aljihu.

Wassalam.

Naka mai biyayya, mai gajiya,
Malam Iro Pauwa,
Malamin Gona, Kankara da Faskari da Sabuwa, na ɗan lokaci.